Yadda ake dawo da rubutun da ya goge a manhajar rubutu ta waya

Tun da na kafa rumfar cajin waya a bakin kasuwar ƙauyenmu da ke yankin Ringim, da wuya mako ya wuce ba a zo mini da wannan kuka ba: "Malam, lissafina ya ɓace a waya, ko da dabara?" A da littafi mai bango ake saye a rubuta bashi, ɓera ya ci gefe, ɗigar ruwan damina ta jiƙa gefe. Yanzu mai kanti, mai awon hatsi, uwar adashi, har mai lura da 'yan ƙwadago a fadama, kowa a waya yake rubutawa. Sai dai yatsa ɗaya in ya zame, lissafin wata uku ya tafi. Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na zauna na jera ta a nan, duk wanda ya sake tambaya in tura masa.

Zan gina bayanin a kan Google Keep, manhajar nan mai hoton ƙwan fitila a kan launin ruwan ɗorawa, don ita na fi ɗora wa mutane kuma ita na fi gani a wayoyin da ke shigowa hannuna. Masu Samsung da iPhone ku biyo ni, naku na mataki na 8.

Kayan aiki ba su da yawa: wayar da abin ya faru a cikinta, caji isasshe, 'yar data kaɗan, sai adireshin Gmail ɗinka da kalmar sirrinsa. Manhajar kyauta ce, dawo da rubutu ma kyauta ne. Wuri ɗaya kawai kuɗi zai iya fita, wato idan ta kai ka ga shiga gari neman kwamfuta.

Abin da ke kashe mutane a wannan sha'ani jinkiri ne. Kuskuren da ka yi a cikin rubutu, damar gyara shi cikin sauƙi tana nan ne muddin rubutun na buɗe. Rubutun da ka jefar gaba ɗaya kuwa, kwana 7 yake da shi. Don haka ka bi matakan a jere kamar yadda na tsara su, domin na fara ne da wanda ya fi saurin kuɓucewa.

1. Tsaya cak, kada ka fita

Da zarar ka ga layuka sun ɓace, ɗauke yatsanka daga kan gilashin. Kada ka danna maɓallin komawa baya na waya, kada ka rufe manhajar, kada ka tafi WhatsApp neman shawara.

Mutane da yawa suna zaton idan suka fita ba tare da sun "ajiye" ba, rubutun zai koma yadda yake. A Keep babu wani maɓallin ajiya. Duk harafin da ka rubuta ko ka goge, nan take manhajar take adana shi da kanta. Fitar da ka yi ita ce sa hannunka a kan kuskuren.

Gargaɗi: wayoyinmu masu ƙaramar ƙwaƙwalwa sukan rufe manhaja a ɓoye idan ka koma wata. Ko kiran waya ne ya shigo, gara ka bar shi ya katse, ka kira daga baya.

2. Kibiyar komawa baya

Wannan na wanda ya goge layi ko lamba a cikin rubutu ne, rubutun kuma yana buɗe a gabansa.

Duba ƙasan rubutun. Za ka ga 'yar kibiya mai lanƙwasa da ta nufi hagu, ita ce Undo. Taɓa ta sau ɗaya, ka duba abin da ya dawo. Idan bai isa ba, ka ƙara taɓawa. Kowace taɓawa tana janye aiki ɗaya na baya-bayan nan. Idan ka zarce har ka janye abin da kake so ya zauna, akwai 'yar uwarta mai kallon dama, Redo, ita ke mayar da kai gaba.

A kwamfuta kuwa, ka danne Ctrl ka buga Z.

Gargaɗi: kada ka rubuta sabon abu a tsakanin dannawar nan. Idan ka ja baya sau biyar sannan ka buga ko da harafi ɗaya, hanyar komawa gaba ta toshe. Sannan ka yi a hankali. Na ga wanda ya ruɗe ya dinga dannawa kamar mai kiɗan kalangu, ya wuce inda yake nema bai sani ba.

Idan kuma rubutun ne gaba ɗaya ka jefar, wani baƙin layi yakan fito a ƙasan fuskar wayar na 'yan daƙiƙu, da kalmar Undo a gefensa. Wanda idonsa ke kai, taɓawa ɗaya ta wadatar. In ya wuce, ba a yi asara ba tukuna, mataki na 5 na nan.

3. Idan yankewa ka yi, ba gogewa ba

Sau da yawa mutum yana so ya kwafi lissafi ya tura wa ɗan'uwansa, sai ya taɓa Cut maimakon Copy. Rubutun ya ɓace daga wurinsa, amma yana riƙe a hannun wayar. Ɗora yatsa a inda yake da, ka danne na ɗan lokaci, ka zaɓi Paste. Shi ke nan.

Masu amfani da allon rubutu na Gboard suna da ƙarin dama. Idan ka taɓa kunna ma'ajiyar kwafinsa, mai hoton allon maƙala takarda a saman haruffa, tana riƙe abubuwan da ka kwafa na tsawon awa 1. Shiga ka duba.

Gargaɗi: kafin ka liƙa, kada ka kwafi komai, ko lambar asusun banki ce. Idan ma'ajiyar nan ba a kunne take ba, sabon kwafi yana danne tsohon.

4. Gogewa ce, ko ɓuya?

A nan zan daɗe, don fiye da rabin waɗanda ke zuwa rumfata da hawaye rubutunsu bai je ko'ina ba.

Wata ranar kasuwa wata dattijuwa, uwar adashin matan unguwarmu, ta iso tana haki, mayafi a karkace. Sunayen mata ashirin da 'yan kai, da wadda ta zuba da wadda ta kwasa, duk a rubutu ɗaya suke, ga shi ta wayi gari babu shi. Ta ajiye mini wayar a kan benci ta ce, "Ɗan nan, ka rufa mini asiri, yau ake kwasa." Na ce, "Inna, wa ya riƙe wayar jiya?" Ta ce jikanta ne ya yi ta shafa gilashin da daddare. Ina jin haka hankalina ya kwanta. A Keep, idan ka ja rubutu da yatsa zuwa gefe, ba gogewa yake yi ba, ɗakin ajiya yake shiga. Minti ɗaya bai cika ba na miƙa mata. Ta ƙirga sunayen da yatsa har ƙasa kafin ta yarda ta zauna.

Ga wuraren dubawa, ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, ɗakin ajiya. Taɓa layuka uku da ke saman hagu, ka zaɓi Archive. Idan ka ga rubutunka, buɗe shi ka taɓa hoton akwati mai kibiya a saman dama, zai koma cikin 'yan uwansa. Abin da ke ɗakin ajiya ba shi da wa'adi, ko shekara zai yi yana nan.

Na biyu, bincike. Rubuta kalma ɗaya da ka tabbata tana ciki, kamar sunan wanda kake bi bashi ko "riɗi" ko "taki". Binciken yana leƙa har ɗakin ajiya. Ka rubuta kalmar yadda ka saba rubuta ta. Idan "kudi" kake bugawa ba da ɗ mai lanƙwasa ba, haka za ka nema.

Na uku, asusu. Wannan ya fi kowanne ruɗa mutane. Waya ɗaya takan ɗauki Gmail biyu ko uku: naka, na wanda ya saita maka wayar, da na ƙanenka da ya ara ya shiga. Kowane asusu da rubutunsa. Taɓa hoton da'ira da ke saman dama, ka shiga kowanne ka duba. Mutum zai rantse an share masa komai, alhali ɗakin wani ya shiga.

Na huɗu, masu jerin da ake yi wa alamar maki. Duk layin da ka taɓa akwatinsa yakan sauka can ƙasan rubutun, a ja masa layi. Gangara ƙasa ka buɗe, ka cire makin, zai hau sama.

5. Kwandon shara: kwana 7

Idan duk wuraren nan babu, to an jefar da shi.

Taɓa layuka ukun nan na saman hagu. A ƙasan Archive za ka ga hoton kwandon shara. Wasu wayoyin Trash suke rubutawa, wasu Bin, ya danganta da irin Turancin da aka saita wayar a kai. Shiga. Nemo rubutun ka buɗe shi, ka taɓa ɗigo uku, ka zaɓi Restore. Idan suna da yawa, danne ɗaya na ɗan lokaci, ka taɓa sauran, sannan ka dawo da su a tare. Rubutun da ke cikin kwando ba ya gyaruwa, sai an fito da shi tukuna.

Kwana 7 Google ya ba shi, daga nan ya share shi har abada. Yadda nake gaya wa mutanenmu shi ne, daga kasuwa zuwa kasuwa. Wanda ya goge ranar Alhamis ta Maigatari, kada ya bari wata Alhamis ta zagayo. Wanda ya goge ranar Juma'ar Wudil, haka. Wani mai awon gero ya taɓa ce mini, "Bari in gama girbi in kawo maka." Na ce, "Baba, kawo yanzu, ba zai ɗauki lokacin shan shayi ba." Bai kawo ba sai bayan kwana goma sha biyu. Muka buɗe kwandon, wayam. Ya koma yana bin mutane gida-gida yana tambayar mudu nawa suka karɓa, kowa kuwa ya san amsar da ake samu a irin wannan tambaya.

Gargaɗi: a cikin kwandon akwai Delete forever da kuma Empty, kusa da abin da kake nema. Ka karanta kafin ka taɓa. Waɗannan biyun ba su da gyara. Idan ba ka karanta boko sosai, sa yaron da ke karantawa ya tsaya kusa, amma kai za ka riƙe wayar.

Wani gargaɗin, ga masu rubutun haɗaka: idan kai ka ƙirƙiri rubutu ka saka abokin kasuwancinka a ciki, ranar da ka goge shi ya ɓace a wayarsa ma. Haka kuma duk layin da ɗayanku ya share, ya sharu a wurin kowa. Kafin ka zargi waya, tambayi abokin tarayyarka.

6. Tsohon zubin rubutu, idan ka riga ka fita

Ga matsalar da ta fi ciwo. Rubutun yana nan, amma rabin cikinsa ya tafi, kuma ka riga ka rufe, kibiyar komawa baya ta daina aiki. Kwandon shara ba zai taimaka ba, don cikakken rubutu kawai yake karɓa, ba guntun layi ba.

Tun 2023 Google ya ƙara wata dama a shafin Keep na intanet, wato tarihin zubin rubutu. Ba a cikin manhajar waya take ba, a shafin take. Sai ka samu kwamfuta, ko ta wani malamin makaranta ko ta shagon buga takardu a Ringim, Gumel, Haɗeja ko duk garin da ya fi kusa da kai. Kafin ka biya kuɗin mota, gwada buɗe Chrome a wayarka, ka taɓa ɗigo uku ka zaɓi Desktop site, sannan ka shiga shafin. Rubutun zai yi ƙanana, sai ka buɗa shi da yatsu biyu.

Shiga keep.google.com da Gmail ɗinka. Buɗe rubutun, taɓa ɗigo uku na ƙasansa, zaɓi Version history. Za ka ga jerin ranaku da lokuta. Zaɓi wanda ya gabaci kuskuren ka sauke shi. Zai sauko a matsayin fayil na rubutu zalla. Ba ya mayar da kansa cikin Keep, kai za ka buɗe fayil ɗin, ka kwafi abin da ya ɓace, ka liƙa a wurinsa. Ni nakan ce a liƙa a sabon rubutu tukuna, a gwada da na yanzu, sannan a haɗa.

Haruffa kawai yake dawowa da su. Idan hoton rasit ne ka cire daga rubutun, nemi asalinsa a cikin hotunan wayarka. Google Photos ma yana da nasa kwandon, mai riƙe hoton da aka ɗora a intanet har kwana 60.

Gargaɗi: idan a kwamfutar shago ka shiga, kai za ka buga kalmar sirrinka da hannunka. Idan ta tambaya ko ta adana kalmar, ka ƙi. Ka fita daga asusun kafin ka tashi, kuma ka goge fayil ɗin da ka sauke. Lissafin bashin mutane ba abin bari a kwamfutar kasuwa ba ne.

7. Waya ta biyu da ba ta ga intanet ba

Wannan dabara rashin sabis ɗinmu na ƙauye ne ya sa take aiki. Idan Gmail ɗinka na kan wata tsohuwar waya da ke gida, wadda ta kwana biyu ba a kunna mata data ba, tsohon rubutun yana nan a cikinta yadda yake, don labarin gogewar bai iso ta ba.

Tsarin yana da muhimmanci. Idan a kashe take, cire layin da ke ciki kafin ka kunna, kuma ka nisanci duk wani Wi-Fi da ta sani. Tana kunnuwa ka saka ta a yanayin jirgin sama. Sai yanzu za ka buɗe Keep. Idan ka ga rubutun, kwafe shi ka liƙa a wani wuri da ba Keep ba, ko ka ɗauki hotonsa da ɗaya wayar, ko ma ka ɗauko biro da takarda. Bayan ka tabbatar ka tsira da shi, sannan ka kunna data.

Wanda ya kunna data da farko "don ya gani ko zai dawo", da hannunsa ya kai wa wayar saƙon gogewa.

8. Masu wasu manhajojin

Samsung Notes: taɓa layuka uku, shiga kwandon shara, zaɓi rubutun ka dawo da shi. Kwana 30 yake riƙewa. Kibiyoyin baya da gaba suna cikin jerin kayan rubutu yayin da kake gyara.

Notes na iPhone: koma jerin manyan fayiloli, buɗe Recently Deleted, shi ma kwana 30. Ka matsar da rubutun zuwa wani fayil. Don janye kuskure nan take, girgiza wayar, ko ka ja yatsu uku zuwa hagu a kan gilashi. Idan rubutun a ƙarƙashin asusun Gmail aka ajiye shi ba iCloud ba, a kwandon sharar wasiƙun Gmail ɗin za ka neme shi.

OneNote na Microsoft ya fi su haƙuri, kwana 60, amma a kwamfuta aka fi samun kwandonsa cikin sauƙi.

Sai littafin rubutun da ke zuwa tare da waya, wanda ba ya tambayarka wani asusu. Ka buɗe jerin zaɓinsa ka nemi hoton kwando ko inda aka rubuta Recently deleted. Amma ka san wannan: duk manhajar da ba ta haɗe da asusu, rubutunka a cikin ƙarfen wayar kawai yake. Ta faɗa rijiya, ya faɗa tare da ita. Ni dai ba na barin ɗan'uwana ya ajiye lissafin kuɗi a irin wannan.

9. Idan wayar ce ta lalace, ta ɓata, ko za a kai ta gyara

Wanda ke amfani da Keep kuma yakan kunna data lokaci-lokaci, rubutunsa na wurin Google. Ka samu wata waya, ka shiga da Gmail ɗinka, ka sauke Keep, ka ba ta 'yan mintuna. Abin da zai rasa kawai shi ne wanda ya rubuta bayan rabonsa da intanet.

Wahalar ita ce yawancin mutanenmu ba su san Gmail ɗinsu ba. A shagon da suka sayi wayar aka buɗe musu, aka buga wata kalmar sirri, aka miƙo. Idan haka ne, shiga g.co/recover ka bi tambayoyin. Ana iya tura lamba ta layin da aka yi rajista da shi, don haka layin nan kada ka bari ya mutu. Kuma ka sani cewa tun Disambar 2023 Google na iya share asusun da ya shekara 2 ba a shiga ba, da duk abin da ke ciki.

Gargaɗi uku a nan. Kada ka yarda a yi wa wayar filashin ko a mayar da ita sabuwa kafin ka tabbatar rubutun ya bayyana a wata wayar. Mai gyara aikinsa wayar ta tashi, ba lissafinka ne a gabansa ba, don haka kai za ka faɗa masa tun kafin ya kwance ta. Na biyu, idan wuri ya cika kana sharar waya, Clear cache ba ya taɓa rubutu, amma Clear data yana kwashe duk abin da bai hau intanet ba tukuna, haka ma cire manhajar. Na uku, manhajojin nan da ke tallar za su dawo da duk abin da ya goge, na gwada da dama a kan wayoyin mutane, ban ga wadda ta fito da rubutun Keep da ya wuce wa'adinsa ba. Talla suke cika maka waya da ita, wasu har su nemi izinin karanta saƙonninka. Haka duk wanda ya ce ka turo kalmar sirri da kuɗi zai dawo maka da shi daga nesa, ka toshe lambarsa.

10. Bayan ya dawo, kafin ka mayar da wayar aljihu

Tunda rubutun na gabanka, yi waɗannan yanzu.

Buɗe shi, taɓa ɗigo uku, zaɓi Make a copy. Sa wa kwafin kwanan wata a kansa, ka tura shi ɗakin ajiya. Mai lissafin bashi ya riƙa yin haka duk ranar kasuwa da yamma. Idan na yau ya lalace, na makon jiya na nan.

Daina tara komai a rubutu ɗaya. Raba shi wata-wata, ko kowane mai bashi da nasa. Kuma wanda ya biya, kada ka goge sunansa, rubuta "ya biya" da ranar a gabansa. Yawancin kurakuran da nake gani wajen goge sunan wanda ya biya ne yatsa ke haɗawa da na maƙwabcinsa.

Duk lokacin da ka hau inda sabis yake, kunna data ka buɗe Keep, ka ja fuskar zuwa ƙasa da yatsa har 'yar da'irar nan ta gama juyawa. Rubutu ba ya cin data kamar bidiyo.

Mai rubutu da yawa, sau ɗaya a 'yan watanni ya shiga takeout.google.com, ya cire maki daga komai ya bar Keep kaɗai, ya nemi a haɗa masa. Google zai turo saƙo ta Gmail idan ya kammala, sai ya sauke ya ajiye a katin memori.

Sannan ka saka wa wayar makulli saboda yara, ka rubuta adireshin Gmail ɗinka da kalmar sirrinsa a takarda, ka naɗe a leda, ka saka a akwatin da kake ajiye takardun gona.